Kujerar Taga ta Hannun Hagu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina zuwa Kwatano da Lome saro atamfa, amma da za a ce in rantse a kan launin tekun da ke bayan kasuwannin nan, sai dai in shirya kaffara. Na san ƙararsa, don tana hana mutum jin farashi sosai. Na san yana sa kwali ya yi laushi, yana sa kwaɗo ya yi tsatsa. Iyakar sanina da shi ke nan. Wanda ya ɗauro kuɗin mutane a ƙugu ba ya tsayawa kallon ruwa.

Matata kuwa, uwar 'ya'yana, ba ta da wata tambaya in na dawo sai guda ɗaya. Kafin ta kwance tsaraba, kafin ma ta tambayi gajiya, sai ta ce, "Alhaji, ka ga teku?" Ni kuma in ce, "Shina nan inda Allah ya aje shi." Sai ta yi dariya ta kawo mini ruwa. Ita haifaffiyar Ƙofar Marke ce a cikin Sakkwato, a nan aka aurar da ita, gida huɗu tsakanin ɗakin uwarta da nata. Babban ruwan da ta sani shi ne gulbi in ya cika da damina. Ban san inda ta samo son teku ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

Sau ɗaya ta kusa ganinsa. Shekarar da muka sauke farali, a Jidda, matan da muka je tare suka haɗa kuɗin mota suka tafi bakin ruwa. Ni kuwa na zaunar da Hajiya a kan jakunkunanmu tana gadi, na tafi kasuwa neman darduma da agogo. A jirgin dawowa ni na zauna bakin taga, saboda ni ne maigida, kuma tun kafin mu tashi barci ya kwashe ni.

Ciwon idon ya shigo mata ba sallama. Da fari zare ne ya daina shiga allura, daga baya ta fara ture kofi in yana gefen damanta. Da muka je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yana tsukewa a hankali. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa rage masa gudu kawai yake yi. Sannan ya dube ni, ba ita ba, ya ce in akwai abin da take son gani a duniya, a kai ta ta gani tun da wuri. Na ce in sha Allahu, da irin muryar da nake faɗa wa mai bina bashi.

Babbar 'yarmu ce ta kawo takardar. Wata tsohuwar shugabar makarantarsu ce ta yi ritaya ta buɗe ɗan ofis a unguwar Gidan Dare, tana shirya wa mutane tafiyar buɗe ido. Takardar mai sheƙi ce, an naɗe ta uku. Kwana tara a babbar mota mai sanyi, daga Sakkwato a ratsa Kebbi a shiga ƙasar Benin, a gangara har Kwatano, a bi bakin ruwa zuwa Lome, a juyo gida. Masauki, abincin safe da na yamma, kuɗin kan iyaka, kuɗin shiga wuraren kallo, da mai rakiya wanda ya san hanya yana jin Faransanci, duk suna ciki. Mutum zai zauna ne kawai a kai shi a dawo da shi kamar amarya. Can ƙasa an rubuta naira dubu ɗari huɗu da hamsin, kowane mutum ɗaya.

Hajiya ta kai takardar dab da idonta na hagu har hancinta yana taɓa hoton. Ta daɗe a haka. Ni kuma idona yana can ƙasa, wurin lambobi.

Ina da kuɗin. Gara in faɗi wannan tun yanzu, kada wani ya tausaya mini. Ina da su a ajiye, kuma ba su da wani aiki da ke jiransu. Abin da ban da shi shi ne halin biyan kuɗin da aka rubuta. Tun ina ɗan shekara sha biyu nake zaune a rumfar mahaifina a babbar kasuwa, kuma darasin farko da aka koya mini shi ne, farashin farko gaisuwa ce. Wanda ya biya shi bai yi ciniki ba, sadaka ya yi, kuma ba lada.

Saboda haka na yago kwalin atamfa na juya bayansa, na zauna da biro bayan la'asar. Ni za a gaya wa kuɗin zuwa Kwatano? Na rubuta kuɗin mota yadda na san shi, na rubuta kuɗin kwana, na rubuta abin da ake miƙa wa masu kaki a kan iyaka, wanda na san shi fiye da sanin sunayen jikokina. Lissafina ya tsaya a dubu ɗari uku, har da na goro. Wato matar nan tana cin ɗari da hamsin a kan kowace kujera. Na ninka da kujera arba'in, raina ya ɓaci kamar daga aljihuna za a cire su duka. Ban tuna cewa lissafina na mutumin da ke kwana a kan dila ne a ɗakin mutum goma sha biyu, yana karyawa da garin rogo da ƙuli-ƙuli ba.

Ranar Litinin muka tafi. Ban so tafiya da Hajiya ba, domin ba a zuwa ciniki da mai son kaya, fuskarsa ke ƙara kuɗi. Amma ta riga ta yafa mayafi tana jirana a zaure.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da fanka da taswira a bango. Malama, haka kowa ke kiranta, doguwa ce mai tabarau, tana magana da Hausar littafi dalla-dalla kamar har yanzu tana gaban allo. Bayan gaisuwa ba ta tambaye ni komai ba, Hajiya ta fuskanta.

"Hajiya, wane idon ne mai gani?"

"Na hagu, Malama."

"To, madalla. Daga Kwatano zuwa Lome teku yana hannun hagu ne. Zan ba ki kujerar taga ta wannan ɓangaren, layin gaba, ba abin da zai tare miki."

Ta buɗe wani babban littafi ta rubuta da fensir. Hajiya ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ni ma na yi murmushi, amma nawa daban ne. A raina na ce, an gama. Mai kayan da ya fara naɗe kaya tun ba a taya ba, ya nuna yana son sayarwa, sauran aiki nawa ne.

Na gyara babbar riga na ce mu biyu ne, na saya dubu ɗari shida.

"Alhaji, ba ciniki a ciki," in ji ta.

Wannan ai ni ma ina faɗinta sau ashirin a wuni. Na zaro kwalina na fara bi layi-layi. Sanyin mota a cire, mutumin da ya ci bazarar Sakkwato sittin da ɗoriya wane zafi za a nuna masa, mu buɗe taga. Abinci a cire, Hajiya za ta yi mana dambun nama da garin kunu. Mai rakiya a cire, ni ne mai rakiya, na san Kwatano tun shi yana goye. Da na zo kan kuɗin shiga wurin hutawa na bakin teku har na ɗaga murya, na ce ruwan Allah ne za a biya kuɗi a kalla? Malama ta bar ni na gama tsaf, kamar yaron da ke karanta haddar da ba ita aka ba shi ba, sannan ta ce mota ɗaya ce, ba za a kashe sanyi a kujera biyu a bar wa talatin da takwas ba.

Na hau zuwa ɗari bakwai. Na hau zuwa ɗari takwas, ina rantsuwa cewa na shiga uwar kuɗi, ko da yake babu wata uwar kuɗi a maganar. A ƙarshe na tsaya a ɗari takwas da arba'in. Tsakanina da ita saura dubu sittin.

"Jiya wata malama da mijinta ya rasu ta biya da kuɗin sallamarta, ba ta rage ko sisi ba," in ji ta. "In na rage maka, da wane ido zan dube ta? Nan da mako biyu zan rufe littafi, Alhaji. Asabar ta uku mota za ta tashi."

Mako biyu. Na kusa yin dariya. Sau nawa na ce wa mai saye saura turmi ɗaya, alhali akwai arba'in a sito? Na ajiye katina mai lambar waya a tsakiyar teburinta, na miƙe na ce, "To, Malama, Allah shi kai kasuwa."

Wanda ba ɗan kasuwa ba bai san cewa tafiya ma ciniki ce ba. In magana ta ƙi, sai ka juya ka tafi, amma ba da sauri ba, ƙafa na gaba kunne na baya. Mai kaya yana kallon ƙeyarka yana lissafi. Yawanci a taki na bakwai za ka ji, "Zo, Alhaji, kawo kuɗin." Mai taurin kai yakan kai sha biyu. A tsawon rayuwata ban taɓa wuce ashirin ba a kira ni. Ranar kuwa na sami abokiyar tafiya irin wadda ban taɓa samu ba, domin Hajiya tana riƙe da hannun rigata tana laluben dakali da ƙafa, jinkirinta ya zama mini hujja. Har na ji daɗin hakan a lokacin, Allah ya yafe mini.

Na ƙirga talatin da huɗu muka iso mota. Na buɗe gaban motar na duba ruwa, na duba mai, na goge hannu. Ƙofar ofishin tana buɗe, fanka tana juyawa, ba wanda ya fito.

A cikin mota Hajiya ta ce, "An sallama?"

Na ce, "Ciniki na tahiya. Za ta kira."

Ta yarda, don ba ta taɓa ganin na yi ciniki na faɗi ba. Ta shiga shiri. 'Yarmu ta kai ta aka sabunta mata fasfo, aka yi mata allurar shawara aka ba ta katin. Ta aika aka sayo nama ta yi dambu cike da babbar roba, tunda ta ji da kunnenta na ce shi za mu ci. Ta ba tela atamfa biyu. Ta sa aka wanke tsohon akwatinmu na Makka aka shanya. Kullum wayata ta yi ƙara sai ta tsaya da abin da take yi, ni kuma in bari ta yi ƙara uku tukuna, kada a ce ina jira. Sai in ɗauka in ji mai neman bashi ne, ko mai gayyatar ɗaurin aure.

A kwana na goma 'yarmu ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, dubu sittin ɗin nan bari in cika." Na yi mata faɗan da ban yi mata ba tun tana 'yar firamare. Na ce ita ta ga na yi kama da wanda dubu sittin ta gagara? Ba maganar kuɗi ba ce, maganar ƙa'ida ce. Wanda ya fara kira shi ya faɗi. Na hana ta taka ofishin, na ce in ta je ta ɓata mini ciniki ban yafe ba. Yarinya mai biyayya ce, abin da ya cuce mu ke nan.

Mako biyu suka cika, ban motsa ba. Na ce yanzu ne ma Malama za ta ƙirga kujerunta ta ga giɓi. Wa ke da dubu ɗari huɗu da hamsin a garin nan da zai kai wa ruwa ziyara? Ashe akwai su, har da masu jiran wani ya fasa. Ranar Asabar da hantsi ina rumfa 'yarmu ta kira ta ce, "Baba, sun tashi."

Da na koma gida na tarar Hajiya ta zauna a tsakar gida tana raba wa jikoki dambun nama a murfin kwano. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini gori ba. Ta ce, "Allah bai nuhwa ba." Na karɓi maganar hannu biyu, na ɓuya a bayanta. Na ma ƙara da cewa wani jinkirin alheri ne.

Bayan wata takwas Malama ta sake shirya wata tafiyar. Sefa, kuɗin ƙasashen can, ta hau, naira ta sauka, takardar ta fito da dubu ɗari shida da hamsin. Yanzu fa ga inda girman kai ya shigo da kayansa. Ni da na ƙi ɗari huɗu da hamsin, in koma in biya ɗari shida da hamsin, a gaban matar da na bar wa kati a tebur? Na ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ni da kaina zan kai ta, kuma a rabin kuɗin.

Na yago sabon kwali. Na kira tsohon mai masaukina na Kwatano, ya yi murna, ya ce ɗakin yana nan, yanzu ma mutum sha biyar ke kwana a ciki, duk maza. Na tambayi otal, ya faɗi kuɗi da sefa, na juya shi zuwa naira, na ce zan sake kira. Na nemi direban da zai kai mu shata, ya faɗi nasa, na taya, ya ce albarka, na tafi a hankali, shi ma bai kira ba. Duniya ta canza ba a sanar da ni ba. Ga shi kuma shekara huɗu rabona da hanyar, gwiwa ta hana, yarana ta waya suke saro kaya. Sai na yanke shawarar jira sefa ta sauko. Kullum bayan azahar ina biyawa wurin 'yan canji in tambaya, har suka daina bari in buɗe baki, daga nesa suke ɗaga mini yatsa sama.

Ina can ina jiran sefa, Hajiya tana nan tana koyon gidan da ta yi shekara arba'in a ciki. Na lura bakinta yana motsi in tana tafiya, na ɗauka tasbihi ne. Ashe taki take ƙirgawa, tara daga ɗaki zuwa madafa, shida zuwa randa. In za ta zuba mini shayi sai ta sa ɗan yatsa a bakin kofi. Ta daina tambayar tafiya, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin ta haƙura, na ji sauƙi.

Wata safiya na dawo daga masallaci na tsaya a ƙofar ɗakina ina cire takalmi. Ta fito daga nata ɗakin, ta wuce ni, ta je gaban babbar rigata da ke rataye a ƙusa jikin bango, ta rusuna ta ce, "Alhaji, an kwan lahiya?" Ta tsaya tana jiran amsa.

Na amsa daga bayanta. Ta juyo tana dariya ta ce rigar ma ta fi ni saurin tashi. Ni ban yi dariya ba. Tsoro ne ya kama ni, da kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Akwai karin maganar da kowa ya sani a kan gira da ido. Ba wanda ya taɓa faɗa mini ita, ko 'yarmu, ko abokan rumfa, kuma wannan shirun nasu ya fi faɗar ciwo.

Ranar ban buɗe rumfa ba. Na je banki, daga nan na wuce Gidan Dare. Sabuwar takarda tana manne a ƙofa, dubu ɗari takwas da hamsin. Na shiga na yi sallama na ajiye miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai a kan tebur, ban taya ba. Tun da aka haife ni wannan ne karo na farko da na biya kuɗin da aka rubuta, kuma sai da na jira ya kusa ninkawa.

Malama ta ƙirga, ta rubuta rasit. Sannan ta jawo tsohon littafin nan ta buɗe ta juyo mini shi. Kujera ta uku da ta huɗu, hannun hagu, da fensir, an rubuta a gefe: mai ido ɗaya.

"Har jajibirin tafiya na riƙe su," in ji ta. "Mutum biyar suka nema na hana. Sai da yamma ta yi na bayar."

Na ce, "To, mi ya hana ki kira ni? Ga katina na bar miki."

"Kai ka ce Allah ya kai kasuwa, Alhaji. Ni malamar makaranta ce. A wurinmu in babba ya ce a'a ya tashi, ba a bin sa. Na ɗauka kuɗin ne ba su cika ba, na ce in na kira na tona maka asiri a gaban iyalinka."

Wato ni ina gida ina jira ta kira don kada in faɗi, ita tana ofis tana jira in dawo don kada in ji kunya. Mako biyu da 'yan kwanaki muna girmama juna, kujerar tana nan ba kowa.

Ta tambayi idon Hajiya. Na ce da sauƙi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta kujera ta uku da ta huɗu, wannan karon da biro. Sai dai motar ba za ta tashi ba sai bayan wata uku, kuma wannan ba abin da kuɗi za su rage ba ne.

Mun tafi. Motar tana da sanyi, kuma na gode wa Allah da ba a cire mini shi ba. Abincin yana da kyau. Mai rakiyar ya san wurare a Kwatano da ban taɓa jin sunansu ba, wasu na wuce ta gabansu sau ɗari da dila a ka. Yawancin matafiyan tsofaffin malamai ne da ma'aikatan jinya, suna ta ɗaukar hoto. Hajiya tana bakin taga ta hannun hagu, layin gaba, ba abin da ya tare mata. In mai rakiya ya ce a duba dama sai ta juya dama tare da kowa, in ya ce hagu ta juya hagu. Wata mata a bayanmu ta ce, "Hajiya, kin ga itatuwan kwakwar can?" Ta ce, "Ma sha Allahu."

A kwana na biyar, bayan mun bar Kwatano, motar ta tsaya da hantsi a wurin hutawar nan da na ce ba za a biya kuɗin kallon ruwan Allah ba. Na riƙe hannunta muka sauka, ta cire takalmi, muka bi rairayi. Ta ji ƙarar tun daga nesa, ta matse mini hannu. Da kumfar ta taɓa ƙafarta ta ja da baya, sannan ta koma. Ta sunkuya ta ɗebo ta ɗanɗana ta tofar, ta ce ashe da gaske ne gishirin. Ta ɗaga fuska ta juya idon hagu nan da can, a hankali, kamar mai neman allura a tabarma.

"Haske dai nika gani," in ji ta. "Alhaji, hwaɗa min."

Sai na duba. Shekara talatin da ɗaya, ranar na fara dubawa. Ban da wasu kalmomi sai na rumfa, da su na yi amfani. Na ce nan kusa ruwan ganye ne, irin na shaddar da ta sha wanki. Can gaba shuɗi ne mai duhu kamar rinin da bai ga rana ba. Bakinsa fari ne kamar leshi, ana shimfiɗa shi ana janyewa, yadda nake warware turmi a gaban mai saye in naɗe.

Ta yi dariya ta ce ko teku sai na auna shi da yadi. Ta ce, "Ina ƙarshenshi?"

Na ce babu, ya haɗe da sama.

Ruwa yana zuwa yana komawa a ƙafafunmu. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wancan karon na hwarko, nawa ya rage tsakaninka da Malama?"

Ban taɓa gaya mata ba, kuma na ɗauka ba ta bi lissafin ba ranar. Na ce dubu sittin.

"Talatin nawa, talatin naka ke nan," in ji ta. Ta gyara mayafinta da iska ke ja. "To, naka dai ba a yi hasara ba, ga shi kana gani. Ci gaba. Mi ke can hannun dama?"

Jirgin ruwa ne, babba, mai ɗauke da kwantena, watakila ma da atamfa a ciki. Na faɗa mata launinsa da tsawonsa. Na faɗa mata masunta da ke jan koma, su nawa ne, da kalar rigunansu, da tsuntsayen da ke binsu. Duk abin da idona ya sauka a kai na faɗa mata, ban rage komai ba. Sauran matafiya suka gama hotunansu suka koma mota, muna tsaye. Mai rakiya ya kira mu daga baya har sau uku kafin in juya.